Tayoyin Bayan Shagon Mai Faci

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, aiki kuma da sauƙi. Mu nan lafiya lau. Yayarka Inna tana gaishe ka. Idon nata dai jiya i yau, amma bakin bai ragu ba, ko da safen nan sai da ta wanke mai kawo ruwa tas a kan ya jiƙa mata tabarma. Yara da babansu ma suna gaisuwa. Direban tirelar kamfaninku ya ce ranar Alhamis zai koma wajenku, shi ya sa na zauna rubutu, tunda dajin da aka kai ku aikin titi waya ba ta shiga.

Kawu, akwai magana. Ka san kwalbatin bakin layinmu, wanda ake haurawa a fita babban titi. Damina biyu ke nan da ya rufta, katako biyu aka gicciya ake takawa. Mota ba ta shiga, mara lafiya sai an goya shi a fitar. Watan jiya tsohuwar nan mai sayar da itace ta zame ta faɗa, har yanzu hannunta a ɗaure yake.

Sau uku mutanen unguwa suna yin gayya zuwa ƙofar gidan Kansila. Ka san yadda ake yi, kai ne ma ka fi kowa sani: a taru, a yi ta ihu, a kira shi ɓarawo, a gaji a watse. Na ƙarshen ba ya ma gida. Matarsa ce ta leƙo, aka zage ta ta uwa ta uba a gaban 'ya'yanta. Ina wurin, Kawu. Ban zage ta ba, amma ban hana ba, kuma har yau kunyar kaina nake ji. A taron da aka yi bayan nan suka naɗa ni sakatariyar ƙungiyar unguwa, wai ni malamar makaranta ce. An dai rasa mai so ne.

Abin da ya hana ni sakat shi ne Auta. Ƙanen nawa yanzu shi ne shugaban 'yan babur masu haya na layinmu, kuma gaskiya su ramin nan ya fi cuta, kullum sai sun sauke fasinja sun tura babur a kan katako. To sun fara tara tsofaffin tayoyi a bayan shagon mai faci. Ya ce ihu ba ya kai saƙo, hayaƙi ne ke kaiwa. Na ce masa duk wanda ya kunna wuta a titi gidan yari zai kwana, kamar yadda aka yi maka shekara ashirin da biyu da suka wuce a kan rikicin famfo. Sai ya ce ai Kawu namiji ne, shi ya sa har yau ake ba da labarinsa.

Ni ba ya jin maganata, ita kuma Inna ba ta san da tayoyin ba. Don Allah ka rubuto masa kalma biyu. Ina tsoron a ɗauke mana shi.

'Yarka,
mai sunan mahaifiyarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, na ji daɗi. Ina lafiya, sai ciwon baya, wanda ya zama ɗan gida ga duk mai tuƙa rola daga safe zuwa yamma. Ki gaishe min da Yaya, ki ce na ce ta tausaya wa mai ruwa, shi ma ɗan wani ne.

Sakatariya guda! Ashe mun yi babba a gida ba mu sani ba. In na zo sai na cire takalmi kafin in gaishe ki.

Shi kuma Auta, ja'irin yaro, na yi dariya har na ƙware. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Da ni ne a shekarunsa, da tuni hayaƙi ya tashi. Zan rubuto masa a natse, yanzu direba yana ta yi min hon kamar zai tsaga daji.

Abu ɗaya kafin in rufe. Ku daina wahalar da Kansila, ba shi da ko buhun siminti ɗaya. Kwalbati na ofishin ayyuka ne, can wajen Injiniya.

Kawunki

*

Kawu,

Bayan gaisuwa, muna lafiya. Ina fata bayan ya yi sauƙi.

Kawu, me na yi maka? Na roƙe ka ruwa ka aiko min da fetur. Da direba ya kawo takardar, Inna ta ce in karanta mata tunda ita ba ta gani, Auta kuma yana zaune yana wanke ƙafa. Ina karantawa ina dariyar zancen cire takalmi, ban ankara ba bakina ya wuce kan maganar barewa da hayaƙi. Na so in haɗiye, ina, ta riga ta fita. Ya tashi ya fizge takardar daga hannuna ya fice da ita.

Yanzu ta zagaye tashar babur kaf. Duk wanda ka taɓa sai ya ce Kawu ya ce da shi ne da tuni hayaƙi ya tashi. Layin da ka ce za ka rubuto a natse babu wanda ya karanta shi. Sun sa rana, Litinin ta ƙarshen wata mai zuwa, za su tare babban titi tun da safe. Inna ta gane komai, kwana biyu ke nan abinci sai an yi da gaske take taɓawa.

In wasa kake yi, ba wurinsa ba ne. In kuma da gaske kake, ka faɗa min in san ni kaɗai ce. Raina a ɓace yake, ba zan ɓoye maka ba.

'Yarka

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Lafiyarmu ƙalau. Mako uku ke nan shiru. Direba ya zo sau biyu, na tare shi a bakin titi, ya juya min hannu. Ban sani ba ko fushi ka yi da abin da na rubuta, ko kuwa shirun naka shi ne amsa. Ni dai ga abin da ake ciki.

Duk da haushinka da nake ji, na bi maganarka ta ƙarshe. Ranar da ba ni da darasin safe na je ofishin ayyuka. Ɗaki ne dogo, da benci ɗaya, da wata taga mai ƙarfe da akawu ke zama a bayanta, dattijo mai tabarau ɗaure da zare. Na fara zuba masa bayani, ya ɗaga min hannu ya ce ko na rubuto. Na ce a'a. Ya ce shi kunnensa ba ya ajiya, littafinsa ne ke ajiya. Ya nuna min yadda abin yake: duk takardar koke da aka miƙo sai ya buga mata hatimi, ya ba ta lamba, ya shigar a littafi, kuma dole ta hau teburin Injiniya. Na roƙe shi ya duba ko akwai wani abu a kan kwalbatin layinmu. Ya bi shafi shafi da yatsa, shekara biyu cur.

Kawu, babu ko ɗaya. Damina biyu muna ihu har muryarmu ta dushe, ba wanda ya taɓa rubuta layi guda ya kawo inda ake gyaran. Mun bar jaki muna ta dukan taiki. Na tsaya a gaban tagar nan na rasa dariya zan yi ko kuka.

Na ari biro na rubuta tawa a tsaye, ya buga mata hatimi. Na tambaye shi in mutum ɗari suka zo kowa da tasa fa. Ya cire tabarau ya dube ni, ya ce doka ba ta ce ya kori kowa ba, hannunsa ne dai zai gaya masa.

Daga can na wuce gidan Kansila, na yi sallama, na ba matarsa haƙuri. Ta shimfiɗa min tabarma. Ta ce tun ranar nan babbar 'yarta ba ta yarda ta je ɗebo ruwa ita kaɗai.

A taron ƙungiya na kawo shawara: ranar Litinin ɗin da 'yan babur suka sa, mu je ofishin ayyuka, kowa da takardarsa da ya rubuta da bakinsa, mu yi layi. Ba zagi, ba kiran sunan kowa, ba tare ƙofa. Wanda bai iya rubutu ba ya zo gidanmu ya faɗa in rubuta masa. Mata da dattawa sun yarda. Wani kuma ya miƙe ya ce an gan ni a gidan Kansila, a tambaye ni me aka damƙa min. Auta yana wurin, bai ce uffan ba. Wannan shirun nasa ya fi maganar mutumin yi min ciwo.

Tayoyin suna nan, sun ma ƙaru. Saura kwana tara.

'Yarka

*

Uwata,

Wa alaikumus salam. Ina lafiya. Ki yafe min, don girman Allah ki yafe min. Ba fushi na yi ba. An ɗauke mu daga sansanin da muke aka kai mu gaba inda gada ta karye, takardunki biyu suka zauna a akwatin mai gadi, sai jiya suka iso ni tare. Na karanta ta farko na ji kamar in mari kaina. Baki shi ke yanka wuya, ashe biro ma haka. Ni kaina nake yi wa dariya da na rubuta maganar nan, na manta takarda ba ta ɗaukar murya.

Abin da kika gano a ofishin nan ya ba ni mamaki ƙwarai. A zamaninmu ma ba na jin akwai wanda ya rubuta. Ki riƙe shawararki da hannu biyu. Wanda ya ce an damƙa miki wani abu, ki bar shi, ranar layi ki ba shi gaba.

Sauran takardar ta Auta ce. Kada ki karanta masa, ki miƙa masa ki bar wurin.

Auta, ɗana. An ba ka labarin Kawu namiji, to ga ragowar da ba a ba ka ba. Ranar da muka kunna tayoyi, iska ta juyo da hayaƙin cikin layinmu. Manyan da muke so su gani suna ofis da fanka, ba su shaƙi komai ba. Jaririn maƙwabciyarmu ne ya kwana uku a asibiti. Da aka zo kamu, mutum ɗari uku da ke tafa min suka zama iska, mu huɗu aka tura mota. Wata takwas na yi. A cikin masu kirana namiji babu wanda ya taɓa leƙo ni. Uwarka ce take zuwa duk Juma'a da kwano a kai, tana goye da kai wani lokacin, ta tsaya a rana a bakin ƙofa ana yi mata tsawa. Da na fito aikina ya tafi, famfon kuma sai bayan shekara uku aka gyara, lokacin an manta da mu.

Kuma ga abin da ban sani ba sai da na shiga aikin titi. Inda duk aka ƙona taya, kwaltar wurin ta mutu. Damina ɗaya ruwa zai shige ta, ta zama rami. Ramin nan na gaban kantin magani da kuke kaucewa kullum da babur, ni na haƙa shi, da ashana.

Ban ce kada ka yi fushi ba. Fushinka gaskiya ne, an cuce ku. Amma yayarka ta samo ƙofar da ake bugawa, kuma tana bukatar maza. Tsofaffi ba za su iya takawa zuwa ofishin nan ba, ku kuna da babura. Layi mai tsawo yana son masu tsare shi, don ɗan iska ɗaya ya isa ya ɓata shi. In kana son a ce ka gaji Kawu, ka gaji wanda ya yi hankali, kada ka gaji wancan wawan.

Kawunku

*

Kawu,

Assalamu alaikum. Muna lafiya, Inna ta koma cin abincinta har da neman ƙari. Na yafe, amma cire takalmin nan yana nan, ban yafe shi ba.

Takardarka ta iso ranar Asabar. Na miƙa wa Auta na shige ɗaki. Ya daɗe a zaure, sannan na ji ya tada babur ya tafi. Lahadi ma a waje ya wuni. Ni kuma hannuna har ya sage, don tun Laraba nake rubuta wa mutane. Kowa da abin da ramin ya yi masa. Mai itace ta ce in rubuta maganar hannunta. Tela ya ce amarya guda ta fasa ba shi ɗinki saboda ba za ta hau katako ba. Wani tsoho ya ce shi dai a rubuta yana so in ya mutu a fitar da shi ba tare da masu ɗaukarsa sun zame ba.

Litinin da safe na biya ta bayan shagon mai faci. Babu taya ko ɗaya. Kawu, na ce shi ke nan, sun tafi titi. Na daure na nufi bakin layi ina duban sama ko zan ga baƙi. Sai ga tayoyin a jere kewaye da ramin kwalbatin, an shafa musu farin fenti don kada wani ya sake faɗawa. 'Yan babur kuma sun yi sahu a ƙetare, Auta a gaba, yana cewa tsofaffi su fara hawa, yau kyauta ne. Ko kallona bai yi ba, ja'iri.

Mun kai mutum ɗari biyu. Layi ya fito daga ofis, ya bi jikin katanga, ya sha kwana. Mun gaishe da mai gadi, mun bar hanyar shiga, mun ce ko ledar ruwa kada a yar. Wanda ya ce an damƙa min wani abu na ba shi gaba kamar yadda ka ce, ya karɓa yana sunkuyar da kai. Akawu ya leƙo ta taga ya ga iyakar layin, ya ce inna lillahi, ya gyara zama ya fara bugawa. Wajen mutum na saba'in tawadar hatimi ta ƙafe, aka aika a sayo. Mata suka ce a kai wa bawan Allah ruwa, aka kai masa.

Can sai ga motar 'yan sanda, wai an ce musu ana tarzoma. Suka sauko da kulake suka tarar da tsofaffi riƙe da takardu. Wani daga cikinsu, ƙaramin yaro ma, ya rasa abin yi, ya je ya bangaje Auta har ya bugi katanga. Na ga 'yan babur sun fara matsowa, na ga wuyan Auta ya kumbura. Abin da ya faru daga nan shi zai faɗa maka, ya ce kada in riga shi.

Wajen azahar sai ga Kansila. Mutane suka fara gunaguni, na ce a yi shiru. Ya je ƙarshen layi ya tsaya, da tasa takardar a hannu. Ashe shi ma da baki yake ta faɗa wa Injiniya a duk inda suka haɗu.

Shi Injiniyan da kansa ya fito daga baya, ya ga tulin da ke gaban akawu. Ya tambayi wace ce shugaba, aka nuna ni.

Ya ce, "Malama, takarda ɗaya ai ta isa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, mutum ɗaya ai bai faɗa ramin ba."

Ya yi dariya, ya ce zai zo ya gani. Ranar Laraba ya zo da mutum biyu, suka auna, suka kafa turaku. Ba a fara aiki ba tukuna, kuma ba zan ce an gama ba sai na ga siminti. Amma kowa yana riƙe da lambar takardarsa, kuma ƙungiya ta yanke cewa daga yau ba a sake zuwa ƙofar gidan kowa. In an yi wata shiru, za mu koma layi mu tambayi inda lambobinmu suka kwana. Mutanen layin bayanmu ma sun aiko a koya musu, su kwata ce ta toshe.

Ga ta Auta na haɗa. Ya liƙe ta da kansa, ban san me ke ciki ba.

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa. Ina lafiya. Ni ban iya doguwar takarda ba, ka yi haƙuri da rubutun.

Da farko na ji haushinka, na ce tsufa ne ya kama ka. Sai na je na tsaya a kan ramin gaban kantin magani. Sau biyu yana fasa min taya, ashe aikinka ne. Ranar Lahadi na karanta wa mutanena takardar gaba ɗaya, ba rabi ba kamar wancan karon. Mutum uku suka ce na zama mace, suka tafi. Sauran suka tsaya.

Maganar ɗan sandan. Da ya ture ni, kafaɗata ta bugi bango, idona ya rufe. Wallahi na riga na ga inda zan sa masa hannu, kuma na san in na ɗaga, mutum talatin za su ɗaga. Sai na tuna Inna da kwano a kai. Yanzu ko bakin layi ba ta kaiwa sai an riƙe ta, wa zai kawo min? Na cusa hannuwana biyu a aljihu, na ce masa, "Yi haƙuri, yallaɓai, layi muke." Ya tsaya yana kallona, sannan ya koma mota.

Kawu, tunda aka haife ni ban taɓa yin abu mai wuya irin wannan ba. Amma a gida na kwana.

Ɗanka,
Auta